Tokar da Aka Ba Maijidda Sadaka

An ba matan Jega Sabon Gari guba kyauta, aka ce musu taki ne. Wani mai harkar gwangwan, Alhaji Safiyanu, yana da fili a bayan unguwa inda ma'aikatansa ke ƙona tsofaffin wayoyin wuta da baturan fitilun caji, su ciro jan ƙarfe da duk abin da zai sayu. Idan toka ta taru ta yi tsibi, kwashe ta sai da mota, shi kuwa ba ya son hayar mota. Sai ya aika gida-gida cewa duk mai lambu ta zo ta ɗiba, sadaka ce. Mata suka fito da buhuna da tsofaffin robobi suka yi ta ɗiba, har suna sa masa albarka. Maijidda 'yar Arzika ta fi kowa ɗiba, domin ta fi kowa son lambunta. Yau hantarta a kumbure take. Abin da ya fi wannan ciwo kuma, da hannunta ta ciyar da 'yarta mai ciki daga wannan ƙasa, ba ta sani ba.

A Karaye aka haife ta, can ƙasar Maiyama. Mahaifinta Arzika manomin gero ne da damina, da rani kuma yana da 'yan fangalai a bakin fadama. Ita ce mai bin sa da gwangwanin ban ruwa tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. A wurinsa ta koyi cewa ganye yana son toka. Bayan girbi sai ya tara kara ya ƙona, ya barbaɗa a fangali, ƙwari su gudu, alayyafo ya yi duhu ya yi faɗi. Wannan gaskiya ce, har gobe ma gaskiya ce. Abin da Arzika bai faɗa mata ba, domin shi ma bai taɓa gani ba, shi ne akwai tokar da ba ta kara ba.

Aure ya kawo ta Jega, gidan Mudi, mai ɗinke bakin buhun albasa a kasuwar Aliero. Da safe ya hau motar kasuwa da basillarsa da ƙullin igiya, da yamma ya dawo albasa ta shige masa riga da gemu da fata. Da suka saba, takan ce masa, “Malam, yau ban sa albasa a miya ba. Zo ka tsaya kusa da tukunya, ya isa.” Shi kuwa sai ya je ya tsaya da gaske, yana fifita rigarsa a kan miyar, har sai ta kore shi da muciya.

Bayan ɗakinta akwai wani ɗan kango da tsohuwar rijiya. Nan ta share, ta tsince duwatsu, ta ja fangalai kamar yadda ta gani a Karaye. Ta shuka rama da alayyafo da yakuwa. Ba ta taɓa zama mai kuɗi da lambun ba, amma gidan bai taɓa rasa ganyen miya ba, maƙwabta ma haka. Cikin gari kuwa kara ba ya samuwa yadda ake so, tokar murhu ba ta isa. Shi ya sa ranar da labarin sadakar Alhaji ya zo, ta ji kamar an yi mata ruwan farko.

'Yarta ta fari ita ce Ummusalma. Maijidda irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Ba ta goya ta gaban mutane ba, ba ta yi mata wasa ba, ko faɗuwa ta yi sai dai ta kawar da kai wani ya ɗaga ta. Da aka yaye ta sai aka miƙa ta ga Ramatu, ƙanwar Mudi, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasu. Tun daga ranar ta zama “ɗiyar Ramatu” a bakin Maijidda. Bayanta haihuwa ta yi ta zuwa, wasu suka tsaya, wasu suka koma, kowace kuma da jinin da take tafiya da shi.

To amma uwa uwa ce. Abin da bakinta ya kasa faɗa, sai ta zuba shi a kwano. Kullum da rana takan dafa rama ta matse tsaminta, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, ta yanka albasar da Mudi ya zo da ita, ta haɗa kwaɗo, wanda a nan ake kira ɗatu. Na farko da ta ɗiba, mai yawan ƙuli, shi take sa wa a ɗan kwanon sha mai murfi, ta taka turmi ta miƙa ta kan katanga.

“Ramatu! Ga ragowa nan, ki ba ɗiyarki in tana so. In ba ta so a ba awaki.”

“Ragowa? Haba matata, ki ji tsoron Allah. Wace irin ragowa ce ƙuli ya ruhe ganye, mai na ta ƙyalli? Mu da munka taya ki tsinkar rama ko ɗanɗano ba mu gani ba.”

“To maido mini da kwanona.”

“Wane kwano? Ai har an lashe.”

Haka Ummusalma ta girma, haka aka yi mata aure a Liba, aka kai ta. Ko a can, duk wanda za shi, sai an ba shi ƙullin busasshiyar rama wai daga Gwaggo Ramatu.

Ciwon Maijidda bai zo da hayaniya ba. Gajiya ce ta fara, irin wadda barci ba ya cirewa. Sai nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, kamar an ajiye mata dutsen niƙa. Abinci ya fita daga ranta, in ban da ɗan ɗatun nan da take iya tsakura. Mata suka duba idonta suka ce shawara ce. Ta sha saiwar rawaya har ta gaji, ta sha jiƙe-jiƙen da ko sunansu ba ta riƙe ba. Guga ta fara yi mata nauyi. Sai Mudi ya riƙa tashi bayan sallar asuba ya ja ruwa ya shayar da fangalai kafin ya tafi Aliero, ita tana zaune bakin ƙofa tana ba shi umarni.

“Malam, a hankali. Ba buhu kake cikawa ba. Ka zuba gehe, kada ka kwantar mini da 'yan ƙanana.”

“To Sarkin Noma. Ko in durƙusa in ba su haƙuri?”

“Ka durƙusa mana, ai sun hi ka amfani.”

Yana dariya, amma idan ya juya mata baya fuskarsa takan canja, domin yana ganin yadda zanenta ke neman zagaye ta sau biyu.

A cikin wannan hali wasu masu bincike suka zo unguwar, mata da maza, suna neman izinin ɗibar jini da fitsarin matan da suka yarda. Suka ɗebi ƙasar lambuna da ganye da ruwan rijiya. Maijidda ta miƙa hannu aka ɗiba, ta kuma cika musu leda da alayyafo tana cewa su ƙara, kada su je su ce matan Jega rowa gare su. Suka tafi, aka manta da su.

Sai ga Ummusalma an kawo ta goyon ciki, cikin fari, ta sauka a ɗakin Ramatu kamar yadda ya kamata. Ta zo fayau, leɓɓanta sun yi fari. A wurin awo aka ce jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin ganye. Ramatu ta faɗi wannan da ƙarfi a tsakar gidanta, tana fuskantar katanga, domin ta san wa ke saurare a bayanta.

Maijidda kuwa ta ji. Washegari ta sa Mudi ya buɗe mata sabon buhun toka. Ta ware fangali guda, wanda ya fi samun rana, ta zauna a ƙasa domin tsayuwa ta gagare ta, ta riƙa barbaɗawa da tafin hannu tana cuɗawa da ƙasa. Alayyafo ya tashi kore shar. Kwano ya koma hawa katanga sau biyu a wuni, ɗatu da rana, miyar ganye da yamma. Matar da ba ta iya cin loma uku ita ce ke tsaye kan turmi, hannu ɗaya dafe da haƙarƙari, ɗaya riƙe da kwano.

Wata ranar kasuwar Aliero da hantsi ya ɗaga, ta miƙa kwanon ke nan ta sauko, sai aka yi sallama. Ɗaya daga cikin masu binciken ce, Malama Rukayya, ta dawo da ƙafarta. Allah ya saka mata, domin ba ta aiko ba, ba ta kuma yi kwana-kwana ba. Ta zauna a tabarma, suka gaisa, ta tambayi jiki, sannan ta ce:

“Inna, tokar nan da kike sa wa lambu, daga filin masu gwangwan take?”

“Daga can take. Sadaka anka ba mu.”

“Akwai wani ƙarfe a cikin irin baturan da suke ƙonawa, sunansa kadmiyam. Idan an ƙona su sai ya zauna a toka, ganye kuma ya zuƙe shi ta saiwa. Wanki ba ya fid da shi, dahuwa ba ta kashe shi. Idan ya shiga jiki, hanta da ƙoda ne masaukinsa, yana shekaru bai fita ba. Ba zan rantse miki cewa shi kaɗai ya taɓa hantarki ba. Amma mun nemi ƙwayar ciwon hanta a jininki ba mu samu ba. Shi kuwa mun same shi da yawa, a jikinki, da ƙasar lambunki, da alayyafon da kika ba mu.”

Maijidda ta dubi fangalan ta ƙofar baya. Ba ta taɓa ganin sun yi kyau kamar bana ba.

“To mi ya hana shi kama Malam? Tukunya guda muke ci.”

“Shi a kasuwa yake wuni, ba kullum yake cin ganyen ba. Sannan jikin da jininsa ya yi ƙasa ya fi saurin zuƙar abin, kamar busasshiyar ƙasa da ruwa. Shi ya sa ya fi kama mata, masu haihuwa da masu ciki.”

Maijidda ba ta tambayi ko za ta warke ba. Bakinta ya yi ta motsi kafin magana ta fito, domin ko a wannan lokaci kunya ba ta sake ta ba.

“Akwai wata yarinya... ɗiyar maƙwabta ce. Ba ita kaɗai take ba. Anka ce ta ci ganye.”

“Daga wannan lambun? Inna, kada ta ƙara kai ko loma ɗaya bakinta.”

Malama Rukayya ba ta rufe baki ba Maijidda ta miƙe. Matar da sai ta huta kafin ta ƙetare tsakar gidanta, ta fita ba mayafi, ba takalmi, ta zagaya ta faɗa gidan Ramatu. Tun da aka kawo Ummusalma ba ta taɓa taka ɗakin nan ba. Ta ɗaga labule. Yarinyar tana zaune ta miƙe ƙafafu, kwano a kan cinya, ta dunƙulo loma za ta kai baki. Maijidda ta buge hannun, ta fizge kwanon, ta watsar da ɗatun a tsakar gida, ta bi shi da ƙasa tana turbuɗewa da ƙafa don kada kaji su ci.

“Subhanallahi!” in ji Ramatu, ta fito daga madafa da ludayi a hannu. “Matata, aljanu sunka hau ki? Shekara nawa kina turo ragowa, yau kuma kinka biyo abinki?”

Maijidda ta dafe haƙarƙari. Ta zame ta zauna a bakin ƙofa, ta rungume kwanon a ƙirji. Ummusalma ta yi tsuru tana kallon uwar da ba ta taɓa ko dungure mata kai ba, yau ta doke mata hannu. Sai da Malama Rukayya ta biyo baya ta maimaita bayanin, sannan Ramatu ta ajiye ludayi. Ranar dai ba ta sake tsokanar kowa ba.

Da la'asar Mudi ya dawo ya tarar da matarsa a lambu da fartanya. Ta tuge rabin fangalin da ta ware, ƙarfi ya ƙare, ta jingina da bakin rijiya tana haki. An riga an tare shi da labari tun a zaure. Ya tsuguna ya zare fartanyar daga hannunta.

“Har da wanda munka shayar da sahe?”

“Duka, Malam. Kada ka bar ko kunne guda. Kuma ba na awaki ba ne.”

Ya sare rama, ya tuge alayyafo da yakuwa, ya cusa su a buhunan albasa. Ya ciro basillarsa ya ɗinke bakunansu tsaf, irin ɗinkin da yake yi wa kayan da za su yi doguwar tafiya. Ita tana kallo, ba ta yi kuka ba. Sai da ya zo kan wani ɗan alayyafo da ya fito shi kaɗai a gindin katanga, ta ce masa ya dakata, ta shafa ganyen da yatsa, sannan ta ce ya cire.

Kwanakin da suka biyo baya, ana jiran sakamakon gwajin da aka yi wa Ummusalma, Maijidda ta kwanta sosai. Ba ta tambaya, amma duk sallamar da aka yi sai ta ɗaga kai. Wata safiya Ummusalma ta zagayo da tulun cikinta, Ramatu na biye, ta shiga ɗakin uwarta ta zauna a bakin gado. Ta jawo ƙafafun nan masu kaushi ta ɗora a cinya tana matsawa.

“Inna, sun ce akwai shi a jikina, amma bai kai naki ba. Hantata lahiya lau. Sun ba ni ƙwayar ƙarin jini, sun ce in riƙa zuwa ana dubawa.” Ta ci gaba da matsa ƙafar. “Kuma ni ban taɓa cin ragowa ba, Inna. Tun ina ƙarama na sani.”

Maijidda ta juya fuska ga bango. Kafaɗunta suka yi ta rawa. Sannan ta ce, “Ramatu, ki ce wa ɗiyarki ta rage surutu, ta tahi ta sha maganinta.” Amma ba ta janye ƙafafunta ba.

Ummusalma ta sauka lafiya. Namiji ne, ɗan ƙarami, mai ƙarar murya, aka raɗa masa Imran. Tsakanin kaka da jika kuwa babu kunya, sai wasa. Duk abin da Maijidda ta danne tun haihuwarta ta fari, a kan wannan jariri ya fashe. Wuni take tana kiran sunansa. “Imran angona, ka zo ba ko goro? Dube shi, sai hamma kamar wanda ya yi noma. Ni dai na fasa auren.” Ta sumbaci tafin ƙafarsa, ta shinshina wuyansa, ta yi masa rawa da kafaɗa daga kwance. Ta so ta goya shi, aka ɗaura mata, zanen goyo ya danne wurin ciwon, dole aka kwance. Yanzu a kan ƙirjinta ake kwantar da shi, ta gefen hagu.

Likita ya ce abin da ya shiga jikin Maijidda ba mai fita ba ne da sauri, sai dai a hana ƙari, a lallaɓa hantar. Wasu ranakun takan tashi har ta share ƙofar ɗaki. Wasu ranakun ko kunu ba ya zama. Mudi yana sayo ganye daga Karaye, inda har yanzu tokar kara ake sa wa. Kangon bayan ɗaki ya koma kango, an hana yara wasa a ciki.

Mudi da Ramatu sun je wurin Alhaji Safiyanu. Ya karɓe su a inuwa, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya ce ciwo na Allah ne, shi bai ɗaure kowa ya ce sai ta ɗiba ba, alheri ya yi niyya. Ramatu ta ce masa to ya ɗebi alherin ya zuba wa furannin gidansa. Suna fitowa ana cinna wa sabon tsibi wuta. Har yau hayaƙin yana tashi, yana bi ta kan shanyar mutane da randunansu. Kuma ba Maijidda kaɗai ta ɗebi tokar nan ba. Akwai gidajen da har yanzu buhunanta ke jingine a bayan ɗaki, domin babu wanda ya je ya gaya musu.

Saboda haka, Alhaji, kashe wutar nan yau. Motar da ka ƙi haya, ka yi hayarta yanzu, ka bi gida-gida kamar yadda ka aika da farko, ka kwashe tokarka ka kai inda masana suka ce a binne ta. Ka kankare ƙasar lambunan da ka lalata ka kawo mai tsabta, ka ɗauki nauyin maganin Maijidda har iyakar abin da magani zai iya. Ku kuma da kuka ba shi fili dab da gidajen mutane, da ku da kuke wucewa ta ƙofarsa da sunan duba tsabta kuna toshe hanci, ku dawo unguwar nan da ma'aikatan lafiya, ku gwada kowace mace da ta ci daga waɗannan lambuna. Ku fara da masu ciki.